Su-25 Biyu a Yamai da Siyasar Sayen Jirgin Yaƙi

A gefen filin jirgin saman Diori Hamani da ke Yamai akwai sansanin sojan sama mai lamba 101. Mai son sanin da wa Nijar ke ɗasawa a duniya, ya dubi masu shiga da fita a wurin. Sojojin Faransa sun bar shi a Disambar 2023. Amurkawa suka bi bayansu a Yulin 2024, amma kafin su gama tattara komatsansu, masu ba da horo daga Rasha sun riga sun sauka tun watan Afrilu, ɗauke da na'urorin kakkaɓo jiragen sama.

A 2013, zamanin Mahamadou Issoufou, ana tsakiyar yaƙin Mali, Nijar ta sayo Sukhoi Su-25 guda biyu, na hannu, daga Yukren. Ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, an kewaye mazaunin matuƙinsa da sulke mai kauri don ya yi ƙasa-ƙasa ya yi ɓarin wuta, harsashi ya same shi ya koma gida. Sai ga shi a Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta yanke hulɗa da Yukren, don mara wa Mali baya bayan artabun Tinzawatan, wanda Mali ta zargi Yukren da hannu a cikinsa. Wato yanzu ba a ga-maciji da ƙasar da ta sayar da jiragen. Kayan gyara sai a duba wajen Rasha ko Belarus, ita kuwa Rasha tana fama da nata yaƙin, ga takunkumi a wuya.

Sayen jirgin yaƙi kamar aure ne, ba amarya kaɗai ake ɗauka ba, har da danginta. Jirgi kan yi shekara talatin ko fiye yana aiki, kuma duk tsawon wannan lokaci injinsa, makamansa, manhajar kwamfutarsa da horon makanikansa suna hannun ƙasar da ta ƙera shi. Gwamnatocin Sahel kuwa ba su cika kaiwa rabin haka a kan mulki ba.

Najeriya ta ɗanɗana wannan tun kafin Nijar. A 2014, Boko Haram na ƙwace garuruwa a Barno, Amurka ta hana Isra'ila sayar mata da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, don ƙirar Amurka ne, sai da izininta ake cefanar da su. Cinikin Super Tucano 12 ma sai da gwamnatin Obama ta jingine shi bayan jirgin sojan Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin ƴan gudun hijira na Rann a Janairun 2017. Trump ne ya sake buɗe ƙofa, jiragen ba su iso ba sai 2021. Abuja ta ɗauki darasi, ta daina zuba ƙwanta a kwando ɗaya: ta sayo JF-17 uku daga Pakistan, ta kuma ƙulla cinikin M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya.

Nijar ta juya ga Turkiyya tun zamanin Mohamed Bazoum, wanda ya ƙulla cinikin jirage marasa matuƙi Bayraktar TB2 da kuma Hürkuş, ƙaramin jirgi mai farfela na horo da kai hari. Sojoji sun kifar da Bazoum a Yulin 2023, amma ba su taɓa wannan hulɗa ba. Dalili a fili yake: Ankara na sayarwa ba tare da dogon wa'azi kan zaɓe ko haƙƙin ɗan Adam ba.

Sai dai ita ma Turkiyya ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba. Injin Hürkuş na kamfanin Pratt & Whitney ne reshen Kanada. A 2020 Kanadar ta dakatar da sayar mata da kyamarorin da ake ɗaura wa TB2, saboda yaƙin Nagorno-Karabakh, abin da ya sa kamfanin Aselsan na Turkiyya ya gaggauta fito da tasa. Tun da farko, a 2019, Amurka ta cire Turkiyya daga shirin F-35 don ta sayi garkuwar S-400 ta Rasha. Turkawa suka ƙara ƙaimi kan nasu jirgin, KAAN, wanda ya fara tashi a Fabrairun 2024. Da wane inji ya tashi? Da F110 na kamfanin General Electric, wanda fitar da shi ke buƙatar sahalewar Amurka.

Ga ƙasa irin Nijar, wadda abokan gabarta ke yawo kan babura a Tillaberi da Difa, ba jirgin da ke ɓuya wa rada ake buƙata ba. Abin da ake nema shi ne wanda zai daɗe a sama yana sa ido, mai sauƙin kuɗi da gyara. Shi ya sa da wuya a ga sabon jirgi irin na manyan ƙasashe a sansani na 101 nan kusa, kuɗin da ke akwai sun fi karkata ga marasa matuƙi. Ko a Agustan 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yi barazanar kawo sojoji bayan juyin mulkin, jiragen da Mali da Burkina Faso suka aiko Yamai don nuna goyon baya Super Tucano ne, ƙirar Brazil, masu injin Kanada.