Labarin zuciya: shin fuska kaɗai za mu tambaya?

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na daɗe ina amfani da wannan karin magana ba tare da tantama ba, sai da wani abu ya faru a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ya sa na fara shakkarsa. Wata baiwar Allah da muka yi shekaru muna maƙwabtaka, kullum fuskarta a sake, gaisuwarta ba ta wuce "lafiya lau", ashe damuwa ce ke cin ta har ta kai ta ga kwanciya a asibiti. Babu wanda ya gani a fuska. Tun ranar nake tambayar kaina: wa ya koya mana sauraron abin da ba a faɗa ba?

A ganina, wannan aikin adabi ne. Marubutan Turai na farkon ƙarni na 20 sun karkata ga saƙe-saƙen zuci. James Joyce ya fitar da Ulysses a 1922, Virginia Woolf kuma ta fitar da Mrs Dalloway a 1925, inda labarin duka bai wuce yini guda a Landan ba, amma mai karatu yana zaune cikin kan wata mata da wani tsohon soja da yaƙi ya taɓa wa hankali.

Namu ƙagaggun labaran da wata hanya suka faro. Littattafan da suka biyo bayan gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, yawon duniya ne da bajinta. Mun san inda Alhaji Imam ya je, amma kaɗan muka sani game da abin da ke hana shi barci. Jiki Magayi ne ya ɗan leƙa ciki, domin ya nuna yadda ƙullin ramuwa ke cinye mai shi.

Abin mamaki, waɗanda aka fi raina ne suka buɗe ƙofar sosai, wato marubutan da ake yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, mun zauna da Rabi bayan mijinta ya kore ta da 'ya'yanta, mun ji nauyin da take ɗauke da shi. Duk da haka, da yawa daga marubutanmu har yau sukan tsaya ga siffanta gida da mota da lefe, sannan su ce "zuciyarta ta yi baƙi", shi ke nan.

Al'ummar da ta ginu kan kunya da kara da haƙuri ta fi kowa bukatar labarin da zai shiga zuci, domin bakinmu ba ya faɗa. Ina kira ga matasan marubuta, musamman matan da gasar Hikayata ta BBC Hausa ta zaburar tun 2016: ku ɗauki mace guda, daga ƙofar gidanta zuwa kasuwar Tarauni, ku rubuta abin da take saƙawa a hanya. Wataƙila mai karatu ya gane matarsa ko mahaifiyarsa a ciki, ya tambaye ta tun kafin lokaci ya ƙure.

Allah Ya sa mu dace.