Injin Fasa Filasta: Abin da Ake Faɗa a Bakin Gini da Abin da Bango Zai Iya Ɗauka

Da zarar damina ta ɗauke, akwai aikin da ke jiran masu gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Zariya. Filastar bangon waje ta kumbura, ta tsattsage, wani wurin ma tana zubowa falle-falle. Sai a kira birkila, ya duba, ya ce: "Alhaji, a hayo injin fasa kankare, a samo babba, mu gama yau." Wannan shawara ta sa gidaje da dama sun tashi daga gyaran filasta sun koma sake jera bulo.

Cewa babban inji ya fi sauri gaskiya ne, amma a ƙasa, a kan daɓen kankare ko tsohon harsashin gini. Injin nan mai kilo 15 zuwa 30 an ƙera shi ne ya tsaya bisa bakinsa, nauyinsa ya danna shi, mai aiki ya riƙe kawai ya saita. A bango kuwa, da damatsanka za ka ɗauke shi, wani lokaci har sama da kafaɗa, kana tsaye kan katako. Ko ƙato ne ba zai jima ba hannunsa zai fara rawa, bakin injin ya riƙa shiga inda ba a aike shi ba.

Babbar matsalar ma tana jikin bangon. Filasta galibi kaurinta milimita 12 zuwa 20 ne, kusan kaurin yatsa. A bayanta akwai bulo mai rami, inci shida ko tara, kuma duk wanda ya taɓa sayen bulo a ƙasar nan ya san wasu masu bugawa suna matse buhun siminti guda ya fitar da fiye da ƙima. Saboda haka sau da yawa filastar ta fi bulon da ke riƙe da ita ƙarfi. Inji mai dukan jul 40 zuwa sama (jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka) ba ruwansa da wannan bambanci: zai ratsa filasta, ya huda fatar bulo, ya girgiza simintin da ke tsakanin layi da layi, har tsaga ta bayyana a cikin ɗaki inda ba a taɓa ba. Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne a nan ake cewa mai gida dama gininsa ba shi da kyau, alhali kayan aikin ne bai dace ba.

Wanda ya dace shi ne ƙaramin nan mai kilo 3 zuwa 4, mai dukan jul 2 zuwa 4, irin wanda ake kira SDS-plus. Kamfanin Bosch ne ya fito da wannan tsarin riƙe baki a 1975, kuma yau Makita da DeWalt da Ingco da sauransu duk suna amfani da shi. Idan filastar mai siminti ce sosai, kuma a kan ginshiƙin kankare take ko jan bulo, sai a hau zuwa SDS-max mai kilo 5 zuwa 7. A lura, bakin wannan ba ya shiga wancan: gindin na farko milimita 10 ne, na biyu 18. Wanda ya hayi inji a shago ɗaya ya sayi baki a wani, ya gwada su tun kafin ya bar kasuwa.

A kasuwa kuma za ka ji mai shago yana nuna maka wat da aka rubuta a kwali, 1,500 ko 1,700, yana cewa ƙarfin inji ke nan. Rabin gaskiya ce. Wat yana gaya maka yawan wutar da injin ke sha, ƙarfin kowane duka kuwa da jul ake auna shi, kuma shi ya kamata ka nema a takardar. Amfanin sanin wat shi ne janareto. Ƙaramin janareton nan na shago da bai kai wat 1,000 ba ba zai ja inji mai 1,500 ba, kuma doguwar waya siririya tana rage wutar da ke isa ga injin har ya yi zafi.

Haka nan ba kowane injin huda bango ne ke fasa filasta ba, ko da an zana masa guduma a jiki. Na gama-gari faifai biyu masu haƙora ne ke goga juna a cikinsa su ba da ɗan tsalle, kuma dole sai yana juyawa. Wanda ake buƙata fistin ne ke tura iska ta jefa ƙarfe ya doki gindin bakin, kuma yana da maɓallin da ke tsayar da juyi ya bar duka zalla. Daga nan ne ake gane kuskuren masu cewa a danna da ƙarfi domin ya fi ci. Ƙarfin dukan daga cikin injin yake fitowa. Dannawar da ta wuce ta riƙe bakin a jikin bango gajiya ce kawai take ƙarawa.

Bakin ma yana da nasa zance. Mai tsini rami yake yi. Mai faɗi ake so, milimita 40 zuwa 80, a kwantar da shi kusa da jikin bango ya shiga tsakanin filasta da bulo ya ɓanɓaro ta, a fara daga sama domin kada falle ya rufto wa mutum a ka. A ɗan shafa giris a gindin bakin, a kuma san inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi kafin a soma.

Akwai tambayar da ya kamata ta riga duk waɗannan: shin sai an fasa bangon gaba ɗaya? Ba lallai ba. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da bulo, inda ya amsa da nauyi tana nan daram. Sau da yawa wurin da ya rabu guduma da cizal sun ishe shi. Idan kuma ɓarnar a gindin bango take, da farin gishiri-gishiri a jiki, to danshi ne ke hawowa daga ƙasa ko ruwan indararo ke dukan wurin, kuma sabuwar filasta za ta bi sahun tsohuwa muddin ba a tare ruwan ba. Gidajen ƙasa na cikin birni da aka yaɓa wa siminti kuwa, kada a kusance su da inji ko kaɗan. Siminti dama ba ya kama jikin tubali da kyau, yana kuma tsare danshi a bayansa, jijjiga za ta iya zubar da abin da ya rage. Wannan aikin hannu ne, na magini da ya san ƙasa.

Zancen da na fi so ya bar bakin gini shi ne na madara. An yarda cewa lebura ya sha gwangwani ɗaya bayan aiki, ta wanke masa ƙurar da ya shaƙa. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Yashin filasta yana ɗauke da sinadarin silika, kuma ƙurarsa mafi laushi, wadda ido ba ya gani, takan zauna a huhu ta yi tabon da ba ya warkewa. Cutar ana kiranta silikosis, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tace ta. Abin da ke aiki shi ne takunkumin N95 ko FFP3 da ya zauna a fuska ba tare da kafa ba, da yayyafa wa bango ruwa kafin a fara, nesa da waya da soket.

Safar hannu mai kauri tana kare mutum daga yanka, amma kaɗan take ragewa daga jijjigar da ke kashe jijiyoyin yatsu. Tarayyar Turai ta sa wa wannan jijjiga iyaka tun 2002, kuma bisa lissafinta, injin da takardarsa ta nuna jijjiga 10 m/s² yana kai mutum iyakar yini guda cikin awa biyu na duka. Manyan injuna da yawa sun haura wannan adadi. Don haka idan bangon mai tsawo ne, a sa mutum biyu su riƙa karɓar juna, kowa da abin toshe kunne da tabarau, kuma wanda ya ji yatsunsa sun fara mutuwa ko suna tsikari ya ajiye injin ya miƙa wa ɗan'uwansa.