Yadda Ake Gane Fallen Katako Na Gaske Kafin A Tura Wa Kafinta Kuɗi

Yanzu da yawa daga cikin matasan Ƙaraye da Rogo a waya suke zaɓen kayan ɗaki. Mai shirin aure ko mai buɗe shagon sayar da wayoyi zai ga hoton wadirof ko kanta a Instagram ko TikTok, ya yi ciniki ta WhatsApp, ya tura kafin alƙalami. Matsalar ita ce a hoto komai katako ne. Sai kaya sun iso, sun ga hunturu ɗaya, sannan ake gane abin da aka saya.

Mene ne fallen katako?

A Turance ana kiransa biniya. Itace ne na gaske da injin ke ferewa siriri, yawanci kaurinsa bai wuce milimita 0.6 ba, wato bai kai kaurin katin ATM ba. Ana manna shi da gam a kan allo mai araha, kamar filawud ko MDF, sai allon ya fito kamar an yi shi da madaci ko wani itace mai tsada. Gungume ɗaya kan rufe alluna masu yawa, shi ya sa ya fi zallar katako sauƙin kuɗi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun zamanin Fir'aunonin Masar ake yin ta. A Najeriya ma garin Sapele na jihar Delta ya yi suna da masana'antar filawud, har akwai itacen da ake kira da sunan garin.

Sai dai yawancin allunan da ke kasuwa, har a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ba fallen itace ne a jikinsu ba. Takarda ce aka buga wa hoton itace, aka shafe ta da sinadarin roba. Fomika ma dangin wannan ce. Ba laifi ba ne a saye su, domin sun fi jure ruwa da ƙarzuwa. Laifin shi ne a biya kuɗin na gaske a karɓi na hoto.

Gwaji huɗu da waya

Na farko, mai saye ya nemi bidiyo, kada ya yarda da hoto kaɗai. A kunna tocilan waya, a haska allon ta gefe. Itace na gaske yana da ƙananan ramuka, kuma ƙyallinsa na sauyawa idan haske ya motsa. Na takarda ƙyallinsa iri ɗaya ne ko'ina.

Na biyu, a duba zanen. Idan ido ɗaya na itace ya maimaita kansa sak a ƙofa uku, ba bambancin ko ɗigo, firinta ce ta buga. Fallayen da aka yanko daga gungume ɗaya suna kama da juna, amma zanen na ɗan gusawa daga wannan zuwa wancan.

Na uku, a sa kafinta ya nuna bakin allon da aka yanke. Filawud yana da layi-layi, MDF kuwa kamar dunƙulen gari yake.

Na huɗu, a duba bayan ƙofa. Idan fuska ɗaya kawai aka manna wa falle, allon zai iya lanƙwashewa, saboda ɓangarorin biyu ba sa shan danshi daidai.

Hunturu da damina

Itace ko an yanke shi bai daina motsi ba. Yana kumbura da danshi, yana tsukewa da bushewa. A yankin Kano danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ya haura kashi 70 a watan Agusta. Wannan kai da komo ne ke tsaga falle ko ɗaga bakinsa, musamman idan an yi rowar gam.

Don haka a bar allo ya yi kwanaki a ɗakin da za a yi aikin kafin a fara yanka. A shafa fenti mai kariya ciki da waje. Kada a jingina kaya da bangon da ke tsattsafo, kuma a ɗaga ƙafafunsu daga siminti, domin MDF idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Wajen shara, tsumma mai ɗan laima ya isa. A shagon caji kuma, kada a bar caja ko inbata mai zafi kai tsaye a kan kanta.

Idan falle ya yi ƙulu, ba sai an sauya allo ba. Ana tsaga wurin da reza ta bin tsawon zanen, a ɗura gam, a ɗora tsumma, a danna da dutsen guga mai ɗumi, sannan a aza nauyi ya kwana. Amma a kiyayi injin goge katako, domin cikin daƙiƙoƙi zai cinye fallen ya tono allon ƙasa.

Kafin a tura ko sisi, mai saye ya sa kafinta ya rubuta masa a WhatsApp irin allon, kaurinsa da abin da aka manna masa. Ranar da aka samu saɓani, wannan saƙon ne shaida.