Na'urar lantarki ba ta gyara ƙwaƙwalwar yaro

Yaro ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, ko yana tafiya a kan yatsu, ƙafafu a sanƙare suna harɗewa kamar almakashi. Maƙwabta su ce ɗan ruwa ne. A asibiti kuwa sau da yawa akan gano lalurar da likitoci ke kira serebral falsi, wato raunin da ya sami ƙwaƙwalwa tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. A wajenmu doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a makon haihuwa da sanƙarau suna cikin manyan dalilai.

Daga cikin dabarun likitocin gashin ƙashi akwai motsa tsoka da lantarki. Akan manna wasu 'yan faifai a fatar yaro, daidai kan tsokar da ta yi rauni, sai ƙaramar na'ura ta riƙa aika wuta kaɗan-kaɗan, tsokar ta ɗaure ta saki. Yaron da ke jan ƙafa a ƙasa, akan sa masa faifan a gefen ƙafa, ƙasa da gwiwa kaɗan, inda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta bi. Idan an saita da kyau, sai ka ga yatsun sun ɗago lokacin da zai ɗauki taku. Yana jin tsira-tsira, amma bai kamata ya ji zafi ba.

Na'urar tana taimakawa? Wasu yara kam tsokarsu takan ƙara ƙarfi, tafiyarsu ta ɗan daidaita. Sai dai amfanin yana zuwa ne idan an haɗa da atisaye na yau da kullum, kuma ga wasu da an daina, ci gaban yakan ja baya. Raunin da ke ƙwaƙwalwa yana nan, wutar ba ta kai can. Duk wanda ya ce wa uwa injinsa zai tsayar da ɗanta a wata guda, kuɗinta yake so.

Abin tsoro shi ne na'urorin tausa da ake tallatawa a kasuwa da Facebook. Kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan yara yana da farfaɗiya, don haka dole likita ya fara tantancewa. Ba a manna faifan a kai, ko gaban wuya, ko ƙirji, ko kan miki. Ga kuma yaron da ba ya magana: wutar na iya ƙona masa fata, shi kuwa ba bakin faɗa, a ɗauka rigima yake.

Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tambaye su ko yaron ya dace da wannan magani, wace tsoka ake nufi, kuma yaushe za a auna a ga ko an samu sauyi. A kuma roƙi su koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da gaɓoɓinsa da zaunar da shi a gida.