Zoben kama mafarki: yadda 'yan Ojibwe ke saƙa shi

'Yan'uwanmu mazauna Kanada da Amurka sun sha ganin wani zobe mai saƙa kamar yanar gizo-gizo, gashin tsuntsu na reto a ƙasansa. Asalinsa na ƙabilar Ojibwe ne, mutanen yankin manyan tafkunan Arewacin Amurka. Iyaye mata da kakanni ke rataya wa jarirai shi. A al'adarsu, wai mugun mafarki a yanar yake maƙalewa.

Ga yadda ake yi. A samu ɗanyen reshe mai laushi, a lanƙwasa shi ya zama zobe kamar faɗin tafin hannu, a ɗaure, a bari ya bushe. Sai a ɗaura zare a baki, a riƙa zagayawa ana sarƙafa shi tazara-tazara. A zagaye na biyu, tsakiyar kowane zaren farko ake kamawa, haka har ɗan rami ya rage a tsakiya. Kar a ja da ƙarfi fa, zoben zai karkace. Su da jijiyar dabba suke saƙawa, mu zaren auduga mai ƙwari ya ishe mu.

Amma mai niyyar sayarwa a Amurka ya kiyaye: dokar 1990 ta hana tallata irin wannan kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar in ba su suka yi ba.