Gardamar Addinin Mataimaki: Abin Da Aka Faɗa Da Abin Da Aka Bari

Ran Lahadi 10 ga watan Yuli, 2022, kashegarin Babbar Salla, Alhaji Bola Ahmed Tinubu ya je Daura gaisuwar Salla wurin Shugaba Muhammadu Buhari. Da fitowarsa sai ya shaida wa 'yan jarida cewa ya zaɓi Sanata Kashim Shettima, tsohon gwamnan Jihar Borno, ya zama mataimakinsa a takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar APC. Kafin a gama rabon naman layya labari ya iso Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, gardama ta kaure. Dalili kuwa, mai takarar Musulmi ne, mataimakin ma Musulmi.

Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, watau CAN, ta ce ba ta yarda ba. A cikin APC ɗin kanta, Mista Babachir Lawal, tsohon sakataren gwamnatin tarayya, da Mista Yakubu Dogara, tsohon kakakin Majalisar Wakilai, suka fito fili suka ce an mai da Kiristan Arewa saniyar ware. Wanda ya ce kukansu ba shi da tushe bai yi adalci ba. A watan Mayu na shekarar an kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, ran 5 ga Yuni kuma 'yan bindiga suka far wa wani coci a Owo, Jihar Ondo, suka kashe masu ibada da yawa. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya duba sama bai ga nasa ba, dole gabansa ya faɗi.

Magoya bayan Tinubu su kuma suka ce lissafin ƙuri'a ne kurum. Shi Musulmi ne daga Kudu, yana neman ƙuri'un Arewa, abokin karawarsa kuwa Alhaji Atiku Abubakar ne. In ya ɗauki Kiristan Arewa, a ganinsu, ya miƙa wa Atiku Kano da Katsina da hannu biyu. Suka ƙara da cewa ai uwargidansa Oluremi fasto ce a cocin Redeemed.

Ba yau aka fara ba. A zaɓen 1979 Cif Obafemi Awolowo na UPN ya ɗauki Cif Philip Umeadi, su biyu Kiristoci, su biyu 'yan Kudu. Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma Kirista. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya haɗa da Dokta Alex Ekwueme, shi ya ci. Amma misalin da kowa ya riƙa kawowa a 2022 shi ne na 1993, lokacin da Alhaji M.K.O. Abiola ya tsaya da Alhaji Babagana Kingibe a SDP, Musulmi da Musulmi, suka kuma sami ƙuri'un Kiristoci jingim, har suka ka da Alhaji Bashir Tofa a Kano, jiharsa.

Sai dai masu kawo wannan misali nan suke tsayawa, ba su ƙarasa labarin. An soke zaɓen na 12 ga Yuni. A watan Nuwamba na 1993 Janar Sani Abacha ya karɓi mulki, Kingibe ya zama ministansa na harkokin waje. Abiola kuwa aka tsare shi a 1994, a tsare ya rasu a 1998. Alƙiblarsu ɗaya, amma ranar da aka zo gwaji ba a kan alƙibla aka yi shi ba.

To, mene ne ma aikin mataimaki? Tsarin Mulki na 1999 bai tambayi addinin kowa ba. Sashe na 131 da na 142 sun ce ya zama haifaffen ɗan ƙasa, ɗan wata jam'iyya, mai ilmin sakandare aƙalla, da shekarun da aka ƙayyade, waɗanda aka rage zuwa 35 a 2018. Sashe na 10 ya hana gwamnati ta riƙi wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 14 kuwa ya ce a raba muƙamai yadda kowane ɓangare zai ga nasa. Kowa ya ɗauki sashen da ya yi masa daɗi ya yi ta karantawa. Wanda aka yi wa shiru shi ne sashe na 146, mai cewa in shugaba ya rasu ko ya kasa, mataimaki shi ke hawa.

Wannan kuwa ba tatsuniya ba ce. Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamba na 2009, ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba a san mai riƙe da ita ba, sai ran 9 ga Fabrairu, 2010, Majalisa ta ba Dokta Goodluck Jonathan riƙo. Ran 5 ga Mayu 'Yar'aduwa ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Farfesa Yemi Osinbajo, fasto, ya riƙe ƙasa watanni a 2017 sa'ad da Buhari ke jinya a Landan, a watan Agusta na 2018 kuma yana riƙo ya sallami shugaban hukumar tsaro ta DSS, Malam Lawal Daura. Ban da wannan, mataimaki shi ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni duka ke zama.

Ashe ke nan akwai abin tambaya game da Shettima, ga shi kuwa a fili. An haife shi a Maiduguri a 1966, ya karanta tattalin arzikin noma a Jami'ar Maiduguri da ta Badun, ya yi aikin banki, ya yi kwamishinan kuɗi, kana ya mulki Borno daga 2011 zuwa 2019, daidai lokacin da wutar Boko Haram ta fi ruruwa. A zamaninsa aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, watan Afrilu na 2014, gwamnatinsa da ta tarayya suka yi ta ɗora wa juna laifi. Masu yabonsa sun ce bai gudu daga Maiduguri ba, ya gina makarantu, ya sake gina coci-cocin da aka ƙone. Masu sukarsa sun ce a je a tambayi mutanen sansanonin gudun hijira. Nan ne ya kamata a baje kolin gardama, amma aka fi ɓata lokaci kan wasu masu rigunan bishop da suka halarci bikin gabatar da shi a Abuja ran 20 ga Yuli, ana musun ko na gaske ne ko na haya.

Ɗan Arewa mazaunin Kudu shi wannan gardama ta fi zama wa ƙaya. Mai sayar da tumatir a Mile 12 ya san rikicin 2016, na kasuwar Shasha a Badun ya ga rumfarsa ta ci wuta a watan Fabrairu na 2021, kuma duk maganar da aka yi da zafi a Abuja, a bakin rumfarsa take sauka. A ƙasar Yarbawa da sauƙi, don gida ɗaya za ka sami Alhaji da fasto, uwa ɗaya uba ɗaya. A Anacha da Fatakwal ba haka abin yake ba. Kuma wanda ake kira Bahaushe a Ikko sau da yawa Kirista ne daga Michika ko Kafanchan ko Langtang, tashar babur ɗaya da Musulmi ɗan Gwoza, teburin mai shayi ɗaya. Ran 1 ga Yuni, 2022, da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, ba a tambayi addinin mai babur ba kafin a ɗora shi a mota.

Aka yi zaɓe ran 25 ga Fabrairu, 2023. Tinubu da Shettima suka sami ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Mista Peter Obi 6,101,533. Obi ya ci Filato da Nasarawa da Abuja, har da Ikko gidan Tinubu. Jihar Binuwai kuwa, inda Kiristoci suka fi yawa, APC ta bi. Katsina ta tafi ga Atiku, Kano ga Kwankwaso. Aka rantsar da su ran 29 ga Mayu, a watan Yuni Sanata George Akume na Binuwai ya zama sakataren gwamnatin tarayya, Sanata Godswill Akpabio kuma shugaban Majalisar Dattawa.