Ɗigon Baƙin Mai: A Nemi Tushensa Kafin A Kwance Inji

Duk direban da ya kwana da tsohuwar mota a Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, abu na farko da ya kamata ya yi da asuba shi ne ya durƙusa ya dubi rairayin da ke ƙarƙashinta. Idan ya ga baƙin tabo, to motar ta yi masa gargaɗi, kuma gara ya saurare ta tun yana cikin gari, domin injin da ya ƙone a daji sai an jawo shi zuwa Dakoro ko Maraɗi, kaya da fasinja kuwa suna zube a rana.

Za mu ɗauki misali da Peugeot 504, motar da iyayenmu suka fi sani. An fito da ita a Faransa a 1968, an kuma soma haɗa ta a Kaduna a 1975. Tana da ƙanwa mai ƙofa biyu, ta gudu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, aka nuna ta a 1969. Da irin wannan ce Jean-Pierre Nicolas ya cinye tseren Safari na ƙasar Kenya a 1978. A Turai yanzu ana ajiyar mai ƙofa biyun kamar kayan gado, mu kuwa ƴar'uwarta ta yi mana dakon hatsi da wake shekara da shekaru. Amma tsufa bai san wannan bambanci ba: roba takan bushe, juwan yakan tsage, mai ya sami hanyar fita.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka inda mai ya ɗiga nan ne inda ya fito. Mai yana gangarowa ne daga sama, iskar fanka da ta tafiya kuma tana kora shi baya, ƙura ta bi ta manne, har inji duka ya zama baƙi. Saboda haka sau da yawa akan sauke akwatin giya a canza robar bayan inji, a kashe kuɗi da kwanaki, alhali laifin yana can sama, a juwan ɗin murfin kan inji, wanda aikinsa bai wuce awa guda ba.

Ga yadda makanike mai hankali ke bin sawu. Da farko ya tabbata ko wane ruwa ne ke zuba. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ya kwana. Man inji baƙi ne mai kauri, man birki kuwa tsinkakke ne mai haske, kuma idan shi ne, kada motar ta motsa sai an gyara. Na biyu, a bar inji ya huce, a wanke shi da gazuwal, a goge ya bushe sarai. Kada a wanke da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara. Na uku, a barbaɗa hoda ko tankaɗaɗɗiyar toka a wuraren da ake zargi, a tada inji ya yi aiki kamar minti 10, a kashe, a haska tocila. Sabon mai zai ja layi cikin farin gari, sai a bi layin nan zuwa sama har inda ya fara.

Wuraren dubawa kuwa a bi su daga sama zuwa ƙasa: murfin zuba mai, juwan ɗin murfin kan inji, ɗan makunnin nan da ke kunna jar fitilar mai, robar matatar mai, robar gaban inji bayan fule, juwan ɗin kaskon mai na ƙasa, da zoben kusar da ake kwancewa wajen juyen mai. Sai an wanke waɗannan duka daga zargi sannan a tuhumi robar baya, wadda man ta ke ɗigowa tsakanin inji da akwatin giya, wani lokaci har ya jiƙa kuloci ya riƙa santsi.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi ƙasarmu ƙwarai. Kowane inji yana da bututun numfashi da ke fitar da hayaƙin da ya tsere daga zobban fistan zuwa cikin kasko. Idan ƙurar hunturu da daskararren mai suka toshe shi, iska takan taru ta tura mai waje ta kowace kafa, ko da an sa sabon juwan jiya. Wanda ya canza roba bai share bututun nan ba zai dawo gareji kafin wata ya ƙare. Haka kuma cika mai fiye da alamar sandar awo, da ɗaure kusoshi da ƙarfin tsiya har juwan ya murƙushe, duk suna jawo yoyo.

Idan mai yana raguwa amma ƙasa a bushe take, a dubi salansa: shuɗin hayaƙi alama ce inji na ƙone mai. Idan kuma man ya koma kamar madara a bakin murfi ko a jikin sanda, to ruwa ya shiga cikinsa, ana zargin juwan ɗin kan inji, wannan kuwa aikin babban makanike ne.

Injin 504 mai silinda 4 yana ɗaukar mai kimanin lita 4 ne kawai. Ɗigon da ake rainawa, idan mota ta shiga rairayi da lodi tana nishi da ƙaramar giya, yakan zama kwarara. Jar fitila ba ta kunnuwa sai matsin mai ya riga ya faɗi, don haka duk wanda ya gan ta ya kashe inji nan take. A auna mai kowace safiya a wuri mai daidai, a riƙe galan a bayan mota, a nemi tushen yoyo tun yana ɗigo. Allah ya kiyaye hanya.